Saƙon da Ya Zo da Sunan Malam Idi

Muhuyi ya sake duba jan layin da ya fito a fuskar kwamfutar, ya goge tafin hannunsa a jikin wando. Sa hannun bai yi daidai ba.

Saƙon ya shigo ne da hantsi, da sunan Malam Idi, wakilin ƙungiya na ƙauyen Ba'awa: “Shanun Wada sun cinye albasar Alhaji Jibrin tas. Duk mai jin kansa namiji ya fito, mu haɗu a rugarsa yanzu.”

Tun da ya gama difiloma ƙungiyar manoma da makiyaya ta Kiru ta ɗauke shi don ya kula da sanarwarta. Wakili kan rubuta abin da yake so a shafin ƙungiya na dandalin sada zumunta, dandalin ya miƙo shi ga kwamfutar ofis ɗauke da wani sa hannu na lambobi, wanda ba ya ƙulluwa sai da mabuɗin sirri da ke tsakanin dandalin da kwamfutar. Idan lissafin ya dace layin ya yi kore, Muhuyi ya danna, saƙon ya faɗa wayar kowane ɗan ƙungiya, daga Kiru har gaɓar Tiga. Wannan kuwa wani ne ya jefo shi kai tsaye, bai bi ta dandalin ba.

Ya kira Malam Idi. Wayar a kashe take.

Yana ajiye tasa ya ji ƙarar babura a ƙofa, sai sallama. Alhaji Jibrin ne, mataimakin shugaban ƙungiya, aminin marigayi mahaifinsa. Muhuyi ya zame daga kujera ya rusuna.

“Barka da hantsi, Baba. Ya gida?”

“Lafiya ba lau ba. Ina saƙon Idi? Mutane na waje suna ta duba waya.”

Muhuyi ya dubi kwamfutar. Saƙon bai fita ko'ina ba, babu wanda ya gan shi sai shi kaɗai. To ta yaya Alhaji ya san da shi?

“Baba, ya shigo, amma ba Malam Idi ne ya aiko shi ba. Wani ne ya ari sunansa. Sa hannun na jabu ne.”

“Sa hannu? Idi da ko a banki dangwale yake yi?”

“Ba na biro ba, Baba. Dandalin ne ke buga wa kowane saƙo shaida, kwamfuta ta auna ta. Wannan ta auna, bai kai ba.”

“Albasata ce ba ta kai ba, ɗan Saude! Wata nawa ina ba ta ruwa? Kai kana nan ƙarƙashin fanka kana awon lambobi.”

“Allah Ya ba ku haƙuri. Kun je gonar?”

“An faɗa mini.”

“Wa ya faɗa muku, Baba?”

Alhaji ya jawo benci ya zauna, ya ƙura wa jan layin ido kamar mai taya bijimi a kasuwar kara. Can ya sassauta murya.

“Yanzu dai fahimtar da ni. In wakili na gaske ya rubuta daga wayarsa, ta hanyar da ta dace, abin naka zai karɓa?”

Muhuyi ya ga inda maganar ta nufa, amma bai saba yi wa babba ƙarya ba.

“Zai karɓa.”

Alhaji ya laluba aljihun babbar rigarsa ya ciro waya. Da yatsa ɗaya ya dinga rubutu, a hankali, leɓunansa na motsi. Daga waje wani saurayi ya ɗaga murya: “Alhaji, mai fa yana ƙonewa!” Sauran suka kwashe da dariya. Ta taga Muhuyi ya hango gorori ɗaure a bayan babura biyu.

Kwamfutar ta yi ƙara. Kalmomin nan ne dai, ba a sauya ko ɗaya ba, sai dai yanzu da sunan Alhaji Jibrin. Layin ya yi kore shar. Muhuyi ya sake auna shi da kansa, ko Allah zai sa a sami kuskure. Babu. Tun da ya fara aikin bai ga sa hannu mai tsafta da ya fi wannan ba.

“To, malamin lissafi, saura me?”

Muhuyi yana iya cewa sabis ya ɗauke. Kullum ɗaukewa yake yi, ba mai musa masa. Sai dai sabis zai dawo, Alhaji kuma yana kan benci. Muhuyi ya tuna lambar Wada ma tana cikin waɗanda saƙon zai faɗa wa. Wada zai karanta shi yana tsaye a tsakiyar rugarsa, da mata da yara, alhali baburan sun riga sun kama hanya.

Ya sa hannu biyu ya rufe kwamfutar.

“Baba, saƙonku ne, babu shakka. Amma ba zan tura ba sai shugaba ya aika an ga gonar, an kuma ji ta bakin Wada.”

“Ka san wanda ya kawo ka ofishin nan?”

“Na sani, Baba. Ban manta ba.”

“Buɗe ta.”

Muhuyi ya sunkuyar da kai, bai motsa ba.

Alhaji ya miƙe, ya shimfiɗa tafin hannu. “Makullin ofis.”

Muhuyi ya zare shi daga cikin makullan gida. Ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya karɓa, ya dubi rufaffiyar kwamfutar, ya buɗe ta da kansa. Ta nemi lambar sirri.

Muhuyi ya sa takalminsa ya fito. Samarin na zaune bisa baburansu a rana, kowa da waya a hannu, yana jira ta yi ƙara. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ratsa ta tsakaninsu, ya nufi gidan shugaba da ƙafa.