Ƙishin Saje Boadu

A cikin motar haya mai zuwa unguwar Bantama, a Kumasi, Ntim ya ji muryar mahaifinsa, alhali gawar tsohon ta yi watanni a ɗakin sanyi tana jiran jana'izar da za a yi ranar Asabar.

"Ruwa... ku taimake ni da ruwa..."

Daga wayar wani fasinja ta fito. Mutumin ya sake dungurar wayar, muryar ta maimaita, mota ta kwashe da dariya. Kwandasta ya langaɓe kai yana kwaikwayo: "Fasinja... ku taimake ni da fasinja..."

Ntim ya sauka tun ba a kai inda za shi ba.

Muryar wani wasan waya ce, wasan kuwa nasu ne. Shi da abokinsa Oduro suka ƙera shi a kan yaƙe-yaƙen Asante na da: ka kafa sansani, ka tara mayaƙa, ka gina asibitin soja a bayan fagen daga. Oduro ke zane, Ntim ke haɗa sauti. Amon ganga da ƙarar bindigar toka duk ya samu. Nishin majinyaci ne ya gagare shi. Duk ɗan wasan kwaikwayon da ya ɗauko sai ya yi kamar wanda fufu ya ƙulle wa ciki.

Ana cikin haka ciwon tsohon ya tashi, aka kwantar da shi a asibitin sojoji, tunda saje ne mai ritaya. Ranar da rai ya yi halinsa, da la'asar, Ntim kaɗai ke ɗakin. Saje Boadu ya nemi ruwa da wata murya wadda babu ɗan wasan da zai iya ta. Ga kofin ruwa a kan tebur. Ntim ya ɗaga waya ya soma ɗauka, ya tokare ƙofa da ɗaya hannun kada hayaniyar baranda ta shigo. A ransa ya ce, bari ya ƙara faɗa, sai in ba shi. Tsohon ya ƙara faɗa. Sai wani dogon numfashi, shi ke nan.

A zaman dangi, Kawu Amoako, babba a danginsu, ya yi tambayar da ba a tsallakewa: wa ya ba mamaci ruwan tafiya? Don ba a barin mutum ya hau tudun lahira da busasshen maƙogwaro.

"Ni," in ji Ntim.

Mahaifiyarsa, Maame Konadu, ta kama hannunsa ta ɗora a kumatunta. Bayan mako biyu ya zuba sautin a cikin wasan, yana gaya wa kansa cewa abin da ya ci masa uba bai kamata ya tafi a banza ba.

Yanzu, da saukarsa daga motar, Ntim ya tarar da Oduro a shagonsu na unguwar Adum, ya tasa kwanon wake da shinkafa a gaba.

"Cire muryar asibitin nan. Yau."

"Kai ɗan Boadu, rana ce ta buge ka?" Oduro ya lashe yatsa. "Ka san abin da mutane ke yi? Da gangan suke tura mayaƙansu a karkashe su, don asibiti ya cika su ji numfashin nan na ƙarshe. Babu mai son cin yaƙi kuma! Tsohon ɗan wasan nan naka ya fi duk jarumanmu farin jini. Kawo shi ma mu ɗauki hotonsa."

"Babana ne."

Oduro ya yi dariya. Da ya dubi fuskar Ntim sai dariyar ta maƙale. Ya ture kwanon gefe.

"A gadon asibiti?"

Ntim ya gyaɗa kai.

"Allah ya isa tsakanina da kai. Da hannuna na sa ta maimaita." Oduro ya goge baki. "Zan cire. Amma me zai yi maka? Masu kiɗa sun riga sun ɗora ta a kan ganga, jiya har a gidan biki na ji ta. Bakin alƙalami ya bushe, abokina."

Ntim ya nemi mai sa kiɗan jana'izar, ya ja masa kunne: waƙoƙin coci da na tsofaffi kawai. Mutumin ya rantse da kabarin kakarsa.

Ranar Asabar fili ya cika da jan zane da baƙin zane na makoki. Tsofaffin sojoji suka sara wa akwatin gawar, aka busa ƙaho, aka kai Saje Boadu makwancinsa. Da yamma dangi suka jeru a ƙarƙashin rumfa, masu gaisuwa na bi suna miƙa hannu. Ntim na zaune kusa da mahaifiyarsa, ƙanwarsa Afrakoma a ɗaya gefen. Har ya soma sakin jiki.

Sai barasa ta hau kan samarin dangi. Suka yi wa mai kiɗa zobe suna ihu, "Sa mana na yayi! Saje ya sha duniya, ba za mu raka shi da hamma ba!" Kabarin kaka bai yi nauyin komai ba. Ganga ta tashi, sai muryar ta cika filin daga manyan lasifikoki.

"Ruwa... ku taimake ni da ruwa..."

Samari suka zuba rawa, suna kama maƙogwaro, suna zubewa ƙasa in numfashin ya zo. Har wasu tsofaffin sojojin suna kaɗa kai.

Hannun Maame Konadu ya tsaya a cikin na wata mai gaisuwa. Shekara arba'in ta yi tana jin muryar nan tana neman ruwan wanka, ruwan shayi, ruwan shan magani. Ta saurara har numfashin ya fita, ganga ta sake ɗaukowa daga farko.

Ba ta juyo ba. "Akwasi," ta kira Ntim da sunan ranar haihuwarsa, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan daga cikin wasanka ne?"

"Maame, bari in je in kashe..."

"Zauna. Mutane na kallo." Ta karɓi hannun mai gaisuwa na gaba, ta yi godiya, ta sake shi. "Waya tana hannunka ɗaya. Ɗayan fa? Kofi ne a ciki?"

Ƙarya tana nan a kan harshensa, a shirye. Amma numfashin ya sake fitowa daga lasifika, ya kasa.

Ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara jan ɗankwalinta.

"Kawunka ba zai ji daga bakina ba. Ba don kai ba, don kada a yi da sunan mijina a Kumasi." Sai ta juya ɗaya gefen. "Afrakoma."

"Na'am, Maame?"

"Ranar da tawa ta zo, ke za ki ba ni ruwa. Yayanki kuwa, ki tabbata yana waje."

Afrakoma ta dube shi, ba ta gane ba. Layin masu gaisuwa ya matso. Wani tsohon kofur ya damƙi hannun Ntim da hannu biyu, yana ɗaga murya don ta fi kiɗan.

"Kai ne wanda ke wurinsa ranar da ya cika, ko? Allah ya ba kowa ɗa irinka."