Ƙwai Ɗari Biyu a Layin Baya

Batirin unguwa yana wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bayan tankin ruwa, makullin kuma a hannun Dogo mai gyaran wuta yake. Ƙa'ida ɗaya aka gindaya masa: in hadari ya hana sola caji, batir ya yi ƙasa, a yanke wa layi ɗaya wuta, bi da bi. Yau layin gaba, gobe layin baya.

Wata Laraba yankan ya faɗo kan layin gaba. Dogo ya ɗora hannu kan makunnin ke nan, sai ga wayar yayansa, mai shagon ƙanƙara a layin gaban.

"Kai Dogo, firiza uku gare ni a cike. In ka kashe, ni ka kashe. 'Yan bayan nan me suke kunnawa ban da fanka?"

"Yaya, ai ba ranarsu ba ce."

"To, sannu alƙali. Wa ya koya maka riƙe filaya?"

Hannun Dogo ya zame zuwa ɗaya makunnin, na layin baya. Ya san mutanen baya ba sa kai ƙara, wannan sanin kuwa shi ya ci shi. Awa tara suka yi babu wuta.

Bayan mako biyu, wata dattijuwar layin baya, Inna mai kaji, ta dire injin ƙyanƙyasar ƙwai a teburinsa tana haki.

"Ɗan nan, duba min wannan maci amanar. Ƙwai ɗari biyu na zuba, sha ɗaya suka fito. Ni kuwa duk ranar yanke mana wuta gidan ƙanwata a layin gaba nake kai shi. Larabar da na wuni asibiti ma sai da na tabbata ba ranarmu ba ce. In ya mutu ka faɗa min, in sayar wa 'yan gwangwan, in haƙura da kiwon."

Dogo ya cire murfin injin, ya duba cikinsa. Ko waya ɗaya ba ta ƙone ba. Da ya so, sai ya canza fis ya ce ya gyaru.

"Inna, injinki lafiya lau. Ni na yanke muku ran nan. Saboda shagon yayana."

Ta dube shi.

"Don ƙanƙara?"

Ya sunkuyar da kai. Da ta ɗaga injin, ya zabura zai kama mata.

"A'a, bari. Mayar min da murfin kawai."