Ragon Ciyaman

Da Gwadabe ya koma garin Onica, can Kudu, bayan yaƙin basasa, ya tarar da rumfarsa ta albasa a Kasuwar Ose Okwodu a hannun wani mai sayar da busasshen kifi. Shekaru suka shuɗe yana kasa kayansa a ƙasa kusa da Baba Kallamu, dattijon 'yan barkono, yana hangen rumfar daga nesa. Sai da kuɗin mai suka cika gari aka kafa kwamitin rabon rumfuna. Shugaban kwamitin, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya dafa kafaɗar Gwadabe a bainar jama'a, ya ce rumfa ta dawo masa, sa hannu kaɗai ya rage.

Tun daga ranar murna ta hana Gwadabe zama. Ya ƙi kwance buhunan albasar da suka iso masa daga Arewa, wai shi da kasa kaya a ƙasa har abada. Ya sayi ƙaton rago don godiya, yana yi masa wanka da sabulun matarsa Haulatu.

"Maigida, albasar nan fa ta fara tsiro," in ji Haulatu. "Damshin garin nan ba ya jiran sa hannu."

"Ke dai zuba ido. Ciyaman ya ce!"

Baba Kallamu ma ya tare shi. "Yaro, da can in an tambaye ka gobe, sai ka ce in Allah ya so. Yanzu kuma Ciyaman ya ce. Shi ke saukar mana da ruwa?"

"Baba, ai sanadi ne."

"Sanadin ne kake wa wankan rago?"

Ranar kai kyauta Gwadabe ya zuba babbar riga, ya ɗaura wa rago jan ƙyalle a wuya. 'Yan dako suka bi shi da tafi, matan kasuwa suna tambaya ko biki ake. Shi kuwa tafiya yake kamar zai tashi sama, yana ɗaga wa waɗanda bai sani ba hannu.

A ƙofar gidan Ciyaman suka iske babbar mota ana loda kujeru da katifu. Ga maigidan can zaune a kan akwati, daga shi sai singileti, da rediyo a cinya. Ashe da safiyar nan sabuwar gwamnati ta rushe kwamitin, gidan kuma ba nasa ba ne, an ce ya kwashe.

"Malam, dem don sack me," in ji shi, wato sun kore shi. Ya kamo hannun rigar Gwadabe, ya ci gaba da Turancin kasuwa: "Kai da ka san jama'a, ba ka san wani babba da zai sa mini baki ba?"

Gwadabe ya dube shi, ya dubi ragon, wanda tuni ya duƙufa cin furannin ƙofar gidan. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba ta neman izini, har ya dafa mota hawaye na zuba.

"Oga, ni ma abin da ya kawo ni wurinka ke nan! Ka roƙi Allah, ni ma can na nufa."

Ya juya a guje, riga na kaɗawa, rago na jansa. Kafin la'asar ya sa an sauke buhunan a tsohon wurinsa, yana farke ɗinki, yana ware ruɓaɓɓiya gefe. Da yawa ta tafi, amma da saura.

"Baba, matsa mini."

Baba Kallamu ya ja tabarmarsa. "Rumfar fa?"

"Na bar wa Allah. In rabona ce, za ta same ni a nan."

Ya yi bisimilla, ya tsallake tulin ruɓaɓɓiyar, ya ƙwala wa wata mata mai kwando kira tun kafin ta wuce.