Iska a Birkin Hajiya Asta

Ɗanburam ne ya koya wa Apollos gyaran birki, kuma abin da ke ci masa rai ke nan. Shekarar da mutane suka gudo daga Mubi, Apollos ya iso garejinsa a Jimeta da riga ɗaya, bai san sifana ba. Yau kuwa duk mai motar da ya shigo, ko gaisuwa bai gama ba sai ka ji, "Ina Apollos?" Sai ka ce Ɗanburam tsohuwar taya ce a jingine. Kishi yake ji, kishi na gaske.

Mutum ɗaya ta rage mai neman shi da sunansa: Hajiya Asta, mai sayar da atamfa, 'yar cikin Yola. Ranar da ta kawo motarta birki ya yi laushi, ya ƙudurta Apollos ba zai taɓa ta ba.

Matsalar ita ce fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana takawa, ɗaya yana ƙasa yana kwance ɗan noti, man birki ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin na ciki ya ɗaga ƙafa.

"Baaba, in taka maka?" in ji Apollos.

"Je ka ji da masu nemanka."

Hajiya ta tafi kasuwa. Ɗanburam ya tokare birkin da guntun katako, ya yi ta shiga yana fita, gumi na zuba. Katakon ya zame sau ɗaya, ya ce ba komai.

Da ta dawo ta tayar da mota, ta nufi ƙofa, ta taka. Ƙafarta ta nutse har ƙasa. Motar ta gangara a hankali ta daki tarin tayoyi, inda wata mai awara ta tashi ba da jimawa ba. Hajiya ta fito ta nufi Ɗanburam.

"Hamma Ɗanburam, ka bar wa wannan Apollos ɗin motata, ko? Shi ya sa nake cewa kai nake so! Aikinka ba ya haka."

Maganar da ya daɗe yana ƙishin ji ke nan, kuma wallahi ta yi masa daɗi. Apollos yana tsaye, ya dubi guntun katakon da ke yashe a ƙasa, ya dubi maigidansa.

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji Apollos. "Yanzu za a gyara."

Ya shiga motar ya zauna, kamar ranar da ya fara aiki.

"Baaba, in taka?"

Ɗanburam ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin mota, inda ba mai ganin fuskarsa.

"Taka," ya ce. Muryar ba ta fita ba, sai da ya maimaita.