Gonar Illo a Cikin Na'ura

A shekarar 2006 aka haɗa na'urar buron filaye na Ƙonni, wato ofishin rajistar filaye, da wata uwar na'ura da ke Yamai. Latifa, mai buga rubutu a buron, ba ta taɓa ganin uwar ba. An dai ce mata ta kai girman ɗaki, kuma kowane buro an yanka masa wurin ajiya a cikinta, kamar fegi a fadama. In naka ya cika, ya cika.

Sai ga tsoho Illo a kan amalanke, daga wani ƙauyen Alela. Iyakokin gonakin garinsu duk a kansa suke, ya zo a rubuta su tun yana da sauran numfashi. Tasa gonar ce ta fi damunsa, don 'ya'yansa sun daɗe a ci-rani, ba su san inda ta tsaya ba.

Kwana uku yana zubo su, ba takarda, ba gargada: daga gawon nan zuwa gambar can, daga suri zuwa tsohuwar rijiya. Yatsun Latifa suka yi tsami, tsoho ko a jikinsa. Ga shi mutumin da, ba ya sa kansa gaba. Ya fara da ta maigari, ta liman, ta marayu, ya bar tasa ƙarshe.

Yana cewa "Saura tawa," na'ura ta ƙi karɓar ko harafi ɗaya. Latifa ta buga waya Yamai. Injiniyan ya ce rabon Ƙonni ya cika, ƙari sai baɗi.

"Ƙauye nawa kuka zuba?" in ji shi.

"Tsoho guda ne," ta ce.

Ta juyo. "Baba, in goge ta wani in sa taka?"

"A'a, ɗiyata. Wa za mu hiddawa? Bar su."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Tausayi ya kama Latifa, ta koma tana bin abin da ta buga. Gonar Chindo ta yi iyaka da ta Illo daga gabas, gawo zuwa suri. Ta Sha'ibu daga yamma. Ta Labo da ta Tanimun, kudu da arewa. Ba kusurwar da ta ɓace.

Ta cim masa yana shirin hawa amalanke.

"Baba, gonarka ta shiga. Maƙwabtanka sun shiga da ita."

Tsoho ya sauke ƙafarsa.

"To, mu koma ki karanta min ita in jiya."