Ramin da Dauda Ya Haƙa

Tun da ruwan nan ya sauka, Dauda mai haƙar rijiya ya kasa zama wuri ɗaya. A shimfiɗa masa tabarma ya miƙe, a kawo tuwo ya tsakura ya ture.

Lokacin ne ma'aikatan Abuja suka cika Suleja, duk mai ɗan fili ya zama mai gidan haya. Alhaji Bamalli na unguwar Wambai ya ƙara ɗaki shida, ya kira Dauda ya haƙa masa masai. Damina ta yi jinkiri, rijiyar gidan ta ƙafe sai laka. Dauda ya yi ta haƙa bai ji danshi ba, ga shi mutum mai son yabo, ya zarce gaba biyu a kan yadda ya saba. Can ƙasa ya tarar da farin yashi, irin na gindin rijiyar sak, don shi yake yashe ta. Taku goma ne tsakanin ramin da rijiyar. Ya gani, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sai sama ta ɓalle kwana uku a jere, ruwa har cikin ɗakuna. Rijiya ta cika taf, garau kamar na famfo, matan gidan har da guɗa. Cikinsu akwai Tayyiba 'yar Dauda, da ke aure a gidan, mai goyon wata bakwai.

Tsoro ya kai Dauda wurin Alhaji, ya ce yana zargin masan na tsiyaya cikin rijiyar.

"Haba Dauda," in ji Alhaji, "ruwa tas haka? Kai dai ba ka son a zauna lafiya."

Dauda ya sayi kananzir kwalba biyu, ya shiga masan kamar mai uzuri, ya tuttule. Mata kan yi haka saboda wari da kyankyasai, ba wanda ya kula. Kwana biyu yana zarya tsakanin gida da kasuwa, ba saye ba sayarwa, yana roƙon Allah ya ƙaryata shi.

Ran na uku da hantsi ya koma gidan Alhaji. Tayyiba ta durƙusa ta miƙa masa kwanon sha.

"Sannu da zuwa, Baba. Yanzu na jawo shi."

Bai kai baki ba warin kananzir ya bugi hancinsa. Ya ajiye kwanon.

"Wane ruwa kike ba yaron nan?"

"Shi mana, Baba. Kwana huɗu ke nan yana zawo, amma maƙwabciyarmu Inna Asibi ta ce haƙori ne."