Farin Dutse

Ni dai, in faɗi gaskiya, ban taɓa biyan haraji da daɗin rai ba. Da na hango mai karɓa ya shigo layinmu, sai in rufe shagon ɗinkina in shige bayi, in zauna har ƙafata ta mutu.

Bara aka zo da sabon tsari. Duk wanda ya biya, za a ba shi ɗan farin dutse ya jefa a kwalbar da ya ga dama: ta fitilun titi, ta kwalbati, ko ta motar asibiti. Wadda ta fi cika, aikinta za a yi da kuɗin.

Uwar yarana tana fama da asma. In ta taso mata, ƙirjinta ƙara yake kamar tsohon kekena. Don haka na wanke ƙafa na tafi da kaina.

Maƙwabcina mai kanti ya biyo ni har ofis.

"Tela, kwalbati za ka jefa wa. Kana ganin ramin bakin layinmu, kullum a titi nake sauke kaya, sai da baro."

"Buhunanka numfashi suke yi?"

"Ji mutumin bayi! Yau ɗaya ka biya, har ka zama mai ra'ayi."

Na jefa wa motar. Ban tsaya nan ba, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha wa'azi. Da na nuna wa uwar yara rasit, ta ce, "Baban yara, kai ka biya haraji? Bari in zauna kar in faɗi." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Motar ta ci. Fara fat, da jiniya.

Ranar da abin ya faru, ruwan azahar bai daɗe da ɗaukewa ba. Ina haɗa hannun riga 'yata ta shigo a guje. "Baba, Mama ta shaƙi maganin, bai yi ba."

Na kira lambar motar asibitin. Kafin in gama sa takalmi na jiyo jiniya, kuma Allah ya yafe mini, a cikin tashin hankalin har wani ɗan alfahari na ji. Sai kukan ya tsaya wuri ɗaya. Yana yi, amma ba ya matsowa. Ruwa ya ci bakin ramin, ya tafi da katakon da muke takawa. Direba na tsaye a tsallake yana ɗaga mana hannu.

Mai kanti ne ya fito da baronsa, ya shimfiɗa buhuna a ciki. Muka ɗora uwar yara, muka tura ta har bakin ramin, muka shiga ruwa iya ƙugu, muka ɗaga ta sama. Ta riƙe wuyan rigata, da ƙyar ta ce, "A hankali da rigar nan taka, ita ce mai kyan."

A cikin motar ma'aikaciyar jinya ta sa mata abin numfashi. Ba mu kai asibiti ba ma'aikaciyar ta cire shi, ta dube ni. Rai ya yi halinsa.

Har yau mai kanti bai taɓa yi mini maganar kwalbati ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Bana kwalbatin ya ci. An gama shi makon jiya. Yanzu mota tana shigowa har ƙofar gidana.